An Sa Wa Ƙanena Mari, Baffa Ya Ce Aljanu Ne

Assalamu alaikum Anti. Damuwa ce ta sa na rubuto miki, don na rasa wanda zan faɗa wa ya fahimce ni.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunsa 23. Yaro ne mai natsuwa, yana karatu a babbar makaranta, bai taɓa ɗaga mana hankali ba. Bara da damina ya fara canzawa. Ya daina barci, ya daina wanka, ya kulle kansa a ɗaki. Sai ya ce 'yan unguwa suna zaginsa alhali babu kowa a wurin, ya ce yana jin muryoyi suna kiran sunansa. Daga baya ya ƙi cin abincin gida, wai kishiyar Innarmu tana zuba masa guba. Maigidana ya kai shi asibiti aka ba shi ƙwayoyi. Cikin wata biyu ya dawo hayyacinsa, har yana zuwa masallaci yana hira da mutane. Sai dai maganin yana sandarar masa da jiki, miyau na zuba, hannunsa na rawa. Da aka ƙara masa maganin, bayan 'yan kwanaki wuyansa ya murɗe, idanunsa suka kafe sama, harshensa ya fito. Baffanmu ya ce to ga shi nan, mutanen ne suka bayyana kansu, maganin Bature ba ya yi wa iska komai. Aka zubar da maganin.

Bayan wata huɗu ciwon ya dawo fiye da na farko, har ya ture Inna ta faɗi. Baba da Baffa suka kai shi wurin wani malami a ƙauye, wata uku ke nan yana can. Makon jiya na je duba shi. Na tarar da mari a ƙafarsa, wurin ya zama gyambo, ya rame, ga shatar bulala a bayansa. Ya riƙe mini mayafi yana cewa, "Yaya, ki tafi da ni gida." Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Anti, aljanu ne ko ciwo ne? Yaya zan yi da Baba, ni da nake mace kuma a gidan aure, maganata ba ta da nauyi a gabansu? Inna ta daina magana da kishiyarta. Dangin mijina sun fara raɗe-raɗin wai hauka gado ne a gidanmu, ga ni da yara biyu. Shin zai warke kuwa?

Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ƙanenki lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da kika je kika gani da idonki.

Zan fara da abin da ba ya jira. A fito da yaron nan daga marin a cikin makon nan. Ko me Baba da Baffa suka yi imani da shi game da asalin ciwon, gyambon da ƙarfe ke gogawa kullum yana iya ruɓewa, dafin ya shiga jini, kuma mutumin da ya rame bai da ƙarfin da jikinsa zai yi yaƙi da hakan. Yana bukatar a wanke raunin, a yi masa allurar tetanus, a ba shi abinci mai kyau. Babu musu a kan wannan tsakanin malami da likita, don haka da shi za ki buɗe magana da su Baba.

Abin da kika lissafa mini kuwa, likitan ƙwaƙwalwa yana ganin irinsa kusan kowace safiya. Saurayi da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba ya janye daga mutane, ya bar tsafta, barci ya ƙaurace masa, ya fara jin muryoyin da wani ba ya ji, ya kuma haƙiƙance cewa ana neman cutar da shi. A haka ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya ya fi farawa a wurin maza, daga ƙarshen ƙuruciya zuwa tsakiyar shekaru ashirin. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin 300 yana fama da shi, kuma ana samunsa a Misira da Indiya da Ingila kamar yadda ake samunsa a Funtuwa, a gidan malami da gidan attajiri. Likitan da ya zauna da shi ne zai tabbatar da sunan ciwon, domin akwai wasu abubuwa masu kawo irin waɗannan alamu: shan wiwi ko wasu ƙwayoyi, wani nau'in farfaɗiya, zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da ciwon da ke sa mutum ya yi makonni cikin zumuɗi da surutu da rashin barci, sannan ya faɗa baƙin ciki mai tsanani. Kowannensu da maganinsa daban. In an tambaye ku ko yana shan wani abu, ku bincika wurin abokansa ku faɗi gaskiya, kada kunya ta sa a ɓoye.

Yanzu ranar da wuyansa ya murɗe, don a nan ne komai ya juya. Na fahimci dalilin da ya sa Baffa ya tsorata. Duk wanda ya ga ɗansa wuya ya karkace gefe, idanu sun juye sama, harshe a waje ya kasa mayarwa, dole gabansa ya faɗi. Amma wannan abu sananne ne, an rubuta shi a takardar da ke cikin kwalin maganin. Magungunan wannan ciwo, musamman tsofaffin irin su haloperidol da chlorpromazine, suna aiki ne ta hanyar rage tasirin wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin. Idan aikin sinadarin ya yi yawa a wani ɓangare na ƙwaƙwalwa, a nan muryoyi da zargi ke tasowa. Sai dai shi wannan sinadarin, a wani ɓangaren, shi ke daidaita motsin tsokoki. Idan maganin ya danne shi da yawa sai jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, miyau ya zuba, wani lokaci tsokar wuya ko ta ido ta ɗaure. Ya fi samun samari maza, kuma ya fi zuwa a kwanakin farko na fara magani ko na ƙara yawansa, daidai yadda kika bayyana. Da an mayar da shi asibiti a ranar, allura ɗaya kan saki wuyan cikin ƙasa da awa guda. Daga nan sai likita ya rage maganin, ko ya haɗa masa da wata ƙwaya da ke hana sandarewa, ko ya canza masa zuwa irin su risperidone ko olanzapine waɗanda ba su cika yin haka ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da alama babu wanda ya zaunar da ku ya yi muku wannan bayani tun farko. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, layi ya yi tsawo, sai a rubuta magani a ce a dawo bayan wata guda. Iyali su koma gida ba su san abin da za su gani ba. Kada ki ɗora wa Baba laifi a zuciyarki fiye da kima. Abin da ya gani ne ya fassara da abin da ya sani.

Dawowar ciwon bayan wata huɗu ma ba abin mamaki ba ne. Maganin yana danne ciwon ne muddin ana sha, kamar yadda mai hawan jini ke samun lafiya yana shan ƙwayarsa, in ya bari jinin ya sake hawa. Mafi yawan waɗanda suka daina magani da wuri ciwon yana dawo musu, wasu cikin makonni, wasu sai bayan watanni, shi ya sa mutane ba sa haɗa abu biyun. A wata na farko kowa ya ce ai ga shi garau ba magani. Kuma duk lokacin da ciwon ya dawo aka bar shi ya daɗe, komawa daidai yakan fi wuya. Watannin da yake yi a ƙauyen nan suna cin wani abu daga lafiyarsa ta gaba.

Kin tambaye ni ko aljanu ne. Ba zan ce ki je ki yi wa Baffa gardama a kan samuwar aljanu ba. Alƙur'ani ya ambace su, kuma in kika shiga wannan muhawara za a ce boko ya ɓata ki, a rufe maganar, yaro ya ci gaba da zama a mari. Ki tsaya a kan abin da kowa a gidanku ya shaida. An ba shi magani wata biyu, ya dawo yana sallah cikin jam'i yana hira. An daina, ya koma. An yi wata uku ana ɗaure shi ana duka, ya ƙara lalacewa. Ki tambayi Baba cikin ladabi: a cikin hanyoyin nan biyu, wacce ce Allah ya nuna mana sauƙi a kanta? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da su nemi magani, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ya kuma ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Wanda Ubangijinsa bai rubuta masa laifi ba, da wane dalili za a sa masa bulala? Musulmin farko ma ba su ɗauki jinyar irin waɗannan majinyata a asibiti a matsayin saɓa wa addini ba. Babban asibitin da Sarki Mansur Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali.

Addu'a kuwa kada a bari. A yi masa tofi, a karanta masa Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu safe da yamma, Inna ta ɗora hannunta a kansa ta roƙa masa sauƙi. Duk wannan ana iya yinsa a gida, ana iya yinsa a bakin gadon asibiti. Sharaɗi uku kawai zan gindaya wa duk mai ruƙiyyar da za a kira: ba duka, ba ɗauri, kuma ba zai ce a ajiye magani ba. Malaman kirki da dama yanzu da kansu suke ce wa iyali su wuce asibiti. Jiƙe-jiƙe da hayaƙin da ba a san abin da ke ciki ba a dakata da su, domin wasu itatuwan, irin su zaƙami, su da kansu suna gusar da hankali.

Maganar kishiyar Inna ta taɓa ni ƙwarai, don na san gidaje da yawa da irin wannan ta raba. Ki lura da inda zargin ya samo asali: daga bakin mara lafiyan ya fito, a daidai lokacin da yake cewa 'yan unguwa na zaginsa babu kowa a waje. Kun gane cewa zagin babu shi, amma kuka karɓi maganar guba, saboda ta faɗa kan tsohon miki da ke tsakanin kishiyoyi. Tsoron cewa ana sa guba a abinci yana daga cikin alamun wannan ciwo da aka fi gani, kuma mara lafiya yakan ɗora shi ne a kan wanda ke kusa da tukunya. A wani gida uwar da ta haife shi yake zargi, a wani gidan matarsa. Ki tambayi Inna, a watanni biyun da ya samu sauƙi, ba abincin gidan yake ci ba? Ki lallashe ta ta sassauta. Gidan da zai koma yana bukatar zaman lafiya, kuma matar nan tana ɗauke da zargi mai nauyi a kan abin da babu hujja a kansa.

Sai yadda za ki tunkari Baba. Gaskiya ne maganar 'ya mace da ke gidan miji ba ta cika tasiri a zauren maza ba, amma kina da mutane. Maigidanki shi ya kai shi asibiti tun farko, ya ga sauƙin da aka samu, suruki kuma ana jin nauyinsa. Ki nemi kawunku, ɗan'uwan Inna, don yana da hakkin magana a kan ɗan 'yar'uwarsa. Sannan ku je wurin limamin da Baba yake sallah a bayansa, ku kwatanta masa ƙafar yaron da bayansa dalla-dalla yadda kika kwatanta mini. Ina kyautata zaton Baba bai ga gyambon ba, ko an nuna masa yaron ne an rufe ƙafar da zane. In zai yiwu a ɗauke shi a mota ya je ya gani. Kada a shiga da "kun yi kuskure". A ce masa, Baba, an gwada na malam wata uku, Allah bai kawo sauƙi ta nan ba, a ba mu izini mu kai shi a duba ƙafar, a kuma gwada na asibiti wata uku, addu'a na tafiya. Dattijo yana bukatar hanyar da zai sauya shawara ba tare da an ce ya sha kaye a gaban ƙanensa ko yayansa ba. Baffa ma a ba shi matsayi, a ce shi zai jagoranci saukar Alƙur'ani da za a yi wa yaron a gida.

In duk an bi ta lalama abin ya faskara, ki san cewa hukuma tana bayanki. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, daga nan aka rufe wasu gidajen irinsa a Katsina da Kano da sauran wurare. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, kuma ta haramta ɗaure mai taɓin hankali da sarƙa da azabtar da shi. Ba ina cewa ki kai mahaifinki ƙara ba. Amma idan mai gidan marin ya ƙi sakin yaron, ko ya ce sai an biya wasu kuɗi, maigidanki ya sanar da mai unguwa ko hakimin yankin, in ta kama har 'yan sanda.

Daga Funtuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyarku ta Zariya, kuma yana da sashen ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai na Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano a Kano. Ku zaɓi wanda za ku iya komawa a kai a kai, domin zuwa ɗaya ba ya gama wannan jinya. Ranar ɗauko shi kada a tafi da taron ƙarti. Mutum biyu ko uku da ya yarda da su sun isa, ke kuma ki kasance a ciki tunda ke ya roƙa. Ki gaya masa gaskiya: za mu kai ka a duba ƙafarka, likita kuma ya ba ka abin da zai sa ka yi barci. Kada a yaudare shi da cewa gida za a je sannan ya ga ƙofar asibiti, domin mutumin da ciwonsa zargi ne, ƙarya ɗaya tana iya sa ya daina yarda da ke. Ku yi sammako. Ku tafi da tsohon katinsa da kwalin maganin da aka zubar in akwai saura, ko sunansa. Ki rubuta tarihin a takarda tun daga damina: yaushe barci ya ɗauke, yaushe aka fara magani, ranar da wuya ya murɗe, yaushe aka daina. Maganar wuyan nan ki tabbata likita ya ji ta, don ita za ta sa ya zaɓi maganin da ya dace da jikinsa. Mai yiwuwa a kwantar da shi na wasu makonni. Kada hakan ya tsorata ku.

Idan an fara magani, barci da natsuwa sukan zo cikin kwanaki, amma muryoyi da zargi sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin su lafa. Bayan tashin farko likitoci kan ce a ci gaba da sha aƙalla shekara ɗaya zuwa biyu ko da mutum ya warware sarai. Wanda ciwon ya dawo masa kamar ƙanenki yakan bukaci fiye da haka, wasu shekaru masu yawa. Likita ne kaɗai zai rage, a hankali. Ki tambaya game da allurar da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu a maimakon ƙwaya kullum. A gida irin naku, inda wani zai iya cewa a zubar da magani, allurar tana rufe wannan ƙofa, kuma sau da yawa ana iya rubuto ta a riƙa yi a asibitin da ke kusa da ku. In kuɗi ya yi ƙaranci ku faɗa wa likita kai tsaye. Tsofaffin magungunan suna da araha kuma suna aiki in an daidaita yawansu. Gara mai arahar da za a iya saye kowane wata da mai tsadar da za a yanke bayan wata biyu. Sababbin kuma suna da nasu: suna sa ci da ƙiba, suna iya tayar da sukari, don haka a riƙa auna nauyinsa da jininsa. Ƙwayar hana sandarewa, wadda ake kira benzhexol, ta zauna a hannun babba, domin samari suna shanta don maye. Lokacin zafi ya yawaita shan ruwa. Azumi in ya zo a je a tambayi likita yadda za a mayar da shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur, kada a ajiye shi wata guda.

Abu biyu ne in kun gani ba a jiran ranar komawa asibiti. Zazzaɓi mai zafi haɗe da sandarewar jiki da ruɗewa, wannan a tafi da shi a daren. Na biyu, in ya fara maganar ya gaji da duniya, ko muryoyin suna umartarsa ya cutar da kansa ko wani. Kada a ce ai surutun ciwo ne. Masu wannan ciwo suna cikin haɗarin kashe kansu fiye da sauran mutane, musamman samari masu ilimi a lokacin da suka fara dawowa hayyacinsu suka ga abin da suka rasa. A kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da wuƙaƙe da igiya daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti. Ki tambaye shi kai tsaye in kin ga alama. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa.

Ture Inna da ya yi na san yana ran kowa. Mai yiwuwa a lokacin tsoro ne ya cika shi, yana ganin an taru a kansa. In ya harzuƙa a rage murya, a rage mutane, a ba shi fili, kada a tare masa ƙofa. In ya ce yana jin muryoyi kada ku ce ƙarya yake, domin shi da gaske yana ji, kada kuma ku ce ku ma kun ji. Ki ce masa, ni ban ji ba, amma na ga abin yana damunka. An daɗe da gano cewa majinyacin da ya koma gidan da ake yawan yi masa faɗa da gori, ciwonsa ya fi saurin dawowa. Rashin kuzari da zaman shiru da za ku gani bayan an sallame shi wani ɓangare ne na ciwon, kada a kira shi malalaci. A ba shi ƙananan ayyuka, ya raka Baba masallaci, ya je cefane, ya zauna a shagon wani ɗan'uwa na awa biyu, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Wiwi kuwa ko sau ɗaya kada ya kusance shi, don yana tayar da wannan ciwo. Wannan hanya ta jinya cikin dangi a ƙasar nan aka nuna wa duniya amfaninta. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowanne tare da ɗan'uwansa, suna karɓar magani da rana suna kwana cikin jama'a, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Wani zai zo ya ce a yi masa aure zai warke. Kada ku yarda. Aure nauyi ne, kuma 'yar mutane ba magani ba ce. In ya samu lafiya ya daidaita, ya kama sana'a, babu abin da zai hana shi aure, da sharaɗin a gaya wa yarinyar da iyayenta gaskiya tun kafin a kai kuɗi.

Game da gado, akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma dangin mijinki sun zuzuta. Ciwon yana da alaƙa da jini, sai dai ko a cikin waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da mai ciwon, kusan tara cikin goma ba sa kamuwa, haɗarin ga 'ya'yanki kuma ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta zama ɗaki ɗaya. Ki bar maigidanki ya yi magana da danginsa, shi ya fi ki sanin bakin da za su ji. Ke kuma ki kula da kanki. Rashin barcin da kike yi tun da kika dawo, in ya wuce mako biyu, ko kika ga kuka yana zuwar miki ba dalili, abinci ya fita ranki, ki faɗa wa likitan ranar da kuka je. Inna ma a sa mata ido.

Zai warke? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo alamunsu suna gushewa gaba ɗaya. Wasu da yawa suna rayuwa da magani, suna aiki, suna riƙe da iyali, ciwon yana ɗan motsawa jefi-jefi a daidaita shi. Akwai kuma waɗanda nasu ke da taurin kai, su ma akwai wani magani na musamman, clozapine, da ake ba su tare da gwajin jini a kai a kai. Ƙanenki yana da abubuwan da ke ba ni kyakkyawan fata: yana lafiya lau kafin ciwon, kuma maganin farko ya karɓe shi cikin wata biyu.

Kada ku manta da makarantarsa. Da zarar an buɗe masa kati, maigidanki ya roƙi likita takardar shaidar rashin lafiya, a kai ofishin kula da ɗalibai a nemi a ɗage masa karatu, don kada a cire sunansa saboda rashin zuwa jarrabawa. In ya fara samun sauƙi ki gaya masa gurbinsa yana nan. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, ki faɗa mini maganin da aka ba shi da yadda ƙafar take.